Yadda Ake Kula da Ɗamarar Hawa, Adana Ta, da Gane Lokacin Sauya Ta

Ɗamarar hawa, wadda masu aikin turakun sadarwa da na wutar lantarki suka fi kira bel, ita ce ke haɗa jikin mutum da igiya a lokacin da yake sama. Ko mai hawan dutse ne, irin waɗanda ake horarwa a tsaunukan Shere da ke kusa da Jos, ko mai ɗaura faranti a kan ƙarfen sabis, ko mai kafa sola a rufin bene, nauyinsa gaba ɗaya yana komawa ne kan wasu 'yan madaurai na zaren roba da ɗinkin da ya riƙe su. Sabuwar ɗamara tana da ƙarfin da ya zarce buƙatar jikin ɗan Adam nesa ba kusa ba. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12277, da takwararta UIAA 105 ta ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta duniya, sun sharɗanta cewa ɗamarar zama, wato mai kama ƙugu da cinyoyi, ta jure jan da ya kai kilonyutan 15, wato kusan nauyin tan ɗaya da rabi. Sai dai wannan ƙarfi na ranar da ta fito daga masana'anta ne. Daga ranar nan raguwa yake yi, kuma abubuwan da suka fi cin sa, wato rana da ƙura da gogayya da ruwan batir, duk muna da su a yalwace. A ganina, a irin yanayinmu, ɗamarar da ke lalacewa a but ɗin mota da cikin sito ta fi wadda ke lalacewa a jikin dutse yawa.

Mataki na farko: ranar da aka saye ta

Kulawa tana farawa ne kafin a ɗaura ta ko sau ɗaya. A cikin ɗamarar ƙugu akwai wani ɗan ƙyalle da aka ɗinka, mai ɗauke da sunan kamfani, da lambar ƙa'idar da aka gwada ta a kai, da lambar da ta keɓanta da ita, da wata da shekarar da aka ƙera ta. Sau da yawa ana sa hoton wata 'yar masana'anta kusa da kwanan watan, wasu kamfanonin kuma suna cusa shekarar a farkon lambar. A ɗauki hoton wannan ƙyalle da waya tun rubutun yana fes, domin gumi da wanki suna goge shi, sannan a samu littafi a rubuta abu uku: ranar ƙira, ranar saye, da ranar fara amfani. A adana 'yar takardar bayanin da ta zo da ita, domin duk inda maganar wannan rubutu ta saɓa da tata, tata ce abin bi.

A nan ne kuma ake duba ko ɗamarar ta dace da aikin. Ta wasan hawan dutse, mai kama ƙugu da cinyoyi kawai, ba ta maye gurbin ta dukan jiki mai lamba EN 361 da ake buƙata don tare faɗuwa a wurin aiki, kuma bel ɗin ƙugu zalla mai lamba EN 358 na jingina ne a jikin turke, ba a yi shi don ya cafe wanda ya faɗo ba.

Game da gwanjo, maganar gajera ce: kada a saya. Araha ba ta ado, balle a nan da ran mutum ne a kai. Ɗamarar da ta zo cikin dila tana iya yin kyau a ido alhali ta kwana kusa da batir a garejin wani a Turai, ko an yar da ita ne don wa'adinta ya cika, kuma mai sayarwa ba shi da hanyar sanin ko ɗaya. Haka nan sabuwar da aka rataye a ƙofar shago rana tana dukanta wata da watanni, sunan sabuwa kawai ya rage mata. A nemi wadda take cikin jakarta da takardarta.

Idan ana son sa mata alama don kada ta cakuɗe da ta abokan aiki, a yi rubutun a kan ƙyallen bayani ko a ɗaura ɗan zare mai launi a madaukin rataye kaya. Kada a yi rubutu da maka ko fenti a kan madaurin da ke ɗaukar nauyi, domin ba a san abin da ke cikin tawadar ba, kada kuma a huda ta ko a ɗana mata wuta don yin shaida.

Mataki na biyu: ɗabi'un da ke tsawaita kwananta

Ɗamarar zama tana da ɗamarar ƙugu, da madaukan cinya biyu, da kafofi biyu a gaba, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, waɗanda igiya ke bi ta cikinsu, sai kuma madaukin tsakiya, wani zobe na madauri mai kauri da ya haɗa kafofin biyu. Tsarin da yawancin kamfanoni suka shimfiɗa shi ne igiya ta bi ta kafofin nan biyu, ƙugiyar ƙarfe kuma ta shiga madaukin tsakiya. Madaukan gefe na rataye kaya ne kawai, kilo kaɗan suke ɗauka, kuma wanda ya maƙala kansa da su ya rataya ne a kan abin da ba a yi shi don riƙe mutum ba.

Igiya ko madauri kada su riƙa gudu a kan madaurin ɗamara alhali akwai nauyi, saboda zafin gogayya yana narkar da zaren cikin ɗan lokaci. Nailan sai ya haura digiri 200 kafin ya narke, amma zaren Dyneema, wanda ake sa wa a wasu ɗamaru marasa nauyi, yana narkewa a wajen digiri 145. Idan an zarge wani madauri a gaban ɗamara don maƙalewa a wurin tsayawa, a kwance shi idan an tashi aiki, kada a bar shi ya zama mazaunin dindindin. Dalilin haka zai zo a ƙasa. A guji zama ko jan gindi a kan dutse mai kaushi ko bakin kwano da ɗamara a jiki. Mai aiki kusa da masu walda ya sani cewa tartsatsi ɗaya yana huda madauri, kuma ɗanyen siminti da fenti da tina ba abokan zaman zaren roba ba ne. Idan an sauko, a cire ta a sa a jaka. Jefar da ita a ƙasa yana tura yashi cikin saƙar, kuma ƙwayoyin yashin nan su ne ke yanka zaren daga ciki duk lokacin da madaurin ya miƙe ya saki.

Mataki na uku: dubawa

Wannan shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma kala biyu ne. Akwai dubawar minti biyu kafin kowane hawa, akwai kuma ta natsuwa da ake yi lokaci zuwa lokaci, a zaune, cikin haske mai kyau, ɗamarar tana bushe kuma an cire mata duk ƙarafan da aka rataya. Ga kayan aiki, ƙa'idar EN 365 ta ce wanda ya san aikin ya yi cikakken bincike aƙalla sau ɗaya a cikin wata 12, ya kuma rubuta sakamakon. Wanda ke hawa kullum cikin ƙura da rana bai kamata ya jira shekara ba. Kowane wata uku ya fi dacewa da shi.

A fara da kafar igiya ta ƙasa, wadda ta haɗa madaukan cinya, domin a mafi yawan ɗamaru ita ce ke riga sauran ci. A buɗe ta da yatsu a leƙa ciki, inda igiya ke gogawa. Galibi akwai wani ƙyallen kariya da aka lulluɓe ainihin madaurin da shi. Idan ƙyallen ya yi ɗan gashi-gashi kawai, wannan tsufa ne na al'ada. Idan ya huje har ana hango madaurin ciki, ɗamarar ta gama aiki. Wasu kamfanoni, irin su Mammut, suna saka jan zare a ƙarƙashin saƙar waje domin da zarar ja ya leƙo a san an kai iyaka. A yi wa kafar sama irin wannan duba.

Daga nan sai madaukin tsakiya. A juya shi a hankali har ya zagayo, ana kallon ciki da waje da gefuna biyu, ana kuma murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Abin da ake nema shi ne wurin da ya fi sauran siranta, ko tauri, ko laushi, ko wurin da ya yi sheƙi ya ƙandare, alamar zafi ya narkar da shi. Yatsa yana gano abin da ido ya tsallake, shi ya sa ba a yin wannan aiki da safar hannu. Dole ne madaukin ya riƙa juyawa a sake, domin juyawar ce ke raba gogayya a duk zagayensa.

Abin da ya sami Todd Skinner ya isa bayani a kan wannan. Ba'amurke ne da ya yi suna a duniya wajen hawan manyan duwatsu, kuma a ranar 23 ga Oktoba, 2006, yana da shekara 47, yana saukowa da igiya daga dutsen Leaning Tower a gandun Yosemite da ke Kaliforniya, madaukin tsakiya na ɗamararsa ya tsinke, ya faɗo daga nisan kimanin mita 150, ya rasu. Abokin hawansa, Jim Hewett, ya bayyana cewa kwanaki kaɗan kafin nan ya lura ɗamarar ta ci sosai har ya yi masa magana, shi kuma ya ce ya riga ya yi odar sabuwa, ba ta iso ba ne. Bincike ya nuna cewa akwai madaurin da ya zarge a jikin madaukin ya bar shi a wurin, wanda ya hana shi juyawa, sai gogayya ta taru a wuri guda har ta cinye shi. Gwaje-gwajen da kamfanin Black Diamond ya yi bayan haka sun nuna cewa madaukin da aka yanka har rabi ma yana riƙe nauyi mai yawa, abin da ke nuna irin nisan da lalacewar tasa ta yi kafin ta kai ga tsinkewa. Rashin sani bai shigo cikin wannan labari ba ko kaɗan: an ga lahanin, an yi maganarsa, an ma sayi magani, abin da aka yi kawai shi ne ƙarin 'yan kwanaki da tsohuwar.

Bayan madaukin tsakiya sai ɗinki. Ɗinkin da ke ɗaukar nauyi ana yin sa ne da zare mai launi dabam da na madaurin, da gangan, domin a iya ganin sa. A bi kowane layi, a ja madaurin ta ɓangarori biyu a ga ko yana buɗewa. Zare ɗaya da ya tsinke ko ya zare a irin wannan ɗinki ya isa dalilin ajiye ɗamara. A bambanta shi da ɗinkin da ke riƙe soso ko ƙyallen ado, wanda warwarewarsa ba ta taɓa ƙarfin ɗamarar, ko da yake tana nuna shekaru sun ja.

Sai a bi madaurin ƙugu da na cinyoyi daga farko har ƙarshe, ana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan domin yanka ko tsagewa su buɗe baki. Wurin da aka fi mantawa shi ne inda madaurin ke zama cikin kan bel, saboda kullum a nan ake matse shi. A sassauta shi gaba ɗaya, a zaro ɓangaren da ke ɓoye a duba. A kwatanta launin wannan ɓoyayyen wuri da na sauran jiki: idan na waje ya koɗe sosai, ya yi fari-fari, ya bushe a hannu, rana ta yi masa aiki, kuma koɗewar launi tana tafiya tare da raunin zare. Duk tabon da ba a san asalinsa ba, a shinshina, a kuma tambayi kai daga ina ya zo.

Na ƙarshe shi ne ƙarfe. A duba kan bel ko ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko gefensa ya yi kaifi har yana cin madauri. Farin gari a jikin alminiyam alamar gishiri ne ya fara cin sa, ko na gumi ko na iskar teku ga masu aiki a Legas da Fatakwal, kuma yakan ɓuya a ƙarƙashin madauri. A ɗaura ɗamarar, a matse, mutum ya sake nauyinsa a cikinta a wuri mara tsawo a ga ko madaurin yana zamewa. Idan tsohon samfuri ne da ake mayar da madauri ta cikin ƙarfen karo na biyu, a tabbata ana mayarwa, kuma jelar da ta rage ta kai kimanin santimita 8 ko abin da takardar ta ce.

Mataki na huɗu: wanki da shanya

Wasu suna tsoron wanke ɗamara, suna ganin ruwa zai rage mata ƙarfi. Dattin da ke cikinta ya fi ruwan illa. A fara da kakkaɓe ƙura, sannan a zuba ruwa a roba mai tsabta wadda ba a taɓa jiƙa kaya da bilic a cikinta ba. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 30. Wannan yana buƙatar lura a wurinmu, domin ruwan da ya sauko daga baƙin tanki a kan rufi da azahar a watan Afrilu ya wuce haka. Ruwan randa ko na safiya shi ne daidai. Sau da yawa ruwa zalla ya wadatar. Idan datti ya kama, a sa ɗan sabulu mai laushi, irin na wankan jarirai, a cuɗa da hannu, a goge kafofin igiya da kewayen ƙarafa da tsohon buroshin haƙori. Omo mai ƙarfi, da sabulun soda, da bilic irin su Jik da Hypo, da fetur ko kalanzir don cire tabon mai, duk a nisance su. A ɗauraye sau uku ko fiye har ruwan ya fita garau, a matse da tafin hannu ba tare da murɗawa ba. Wasu kamfanoni sun yarda a sa ta a injin wanki cikin jakar ƙyalle, a kan wanki mai sauƙi, amma hannu ya fi, ko don yana ba mutum damar sake duba ta. Kada a kai ta wurin wankin mota a feshe ta da injin matsi, domin yana tura yashi can cikin saƙa.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, kamar ƙarƙashin rumfa ko cikin ɗaki mai buɗaɗɗen taga da fanka. Ba a shanya ta a igiyar tsakar gida cikin rana, ba a shimfiɗa ta a kan kwano ko bonet ɗin mota, ba a kusantar da ita ga murhu ko salansar janareto, ba a kuma yi mata guga. Da hunturu takan bushe cikin yini, sai dai a kare ta daga ƙura. Da damina tana iya cin kwana biyu, domin soson da ke cikin ɗamarar ƙugu yana riƙe ruwa bayan waje ya bushe. A matsa soson da yatsa, idan akwai sanyin danshi a ƙara mata lokaci. Ko ba a wanke ta ba, ranar da aka yi gumi sosai ko ruwan sama ya taɓa ta, a rataye ta ta sha iska kafin a mayar da ita jaka.

Mataki na biyar: ajiya da ɗauka

Wurin ajiya yana buƙatar duhu, da bushewa, da sanyi daidai gwargwado, da nisa daga sinadarai. Jakar raga ko ta ƙyalle da ta zo da ita ta fi komai, a sa ta a saman kabad ko cikin akwatin da ba a ajiye komai a ciki sai kayan hawa. Leda da aka ƙulle tana tara danshi har ta yi fumfuna. Ƙusa a bango kusa da taga kuwa tana ba rana damar dukan gefe guda kullum ba tare da an lura ba. A naɗe ta a sake, kada a danne ta da kaya masu nauyi, kuma a cire ƙugiyoyi da sauran ƙarafa.

Babban abokin gabar nailan shi ne ruwan batir, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa. Asid ɗin da ke cikin batirin mota da na inbata yana cin zaren nailan ƙwarai, kuma abin tsoron shi ne yana iya yin ɓarnar ba tare da ya bar tabon da ido zai kama ba, madaurin ya yi kamar lafiyarsa ƙalau har ranar da nauyi zai hau kansa. Yanzu kuwa gidaje da shaguna da yawa suna da ɗan ɗakin da aka jera batiran sola, kuma sau da yawa shi ne ɗakin da ake tura duk wani kayan aiki. Masu kafa sola da masu kula da tashoshin sadarwa su suka fi shiga wannan haɗari, domin mota ɗaya ce ke ɗaukar batir da ɗamara, kuma hannun da ya ɗaga batir shi ne zai ɗauki bel bayan minti biyar. Don haka kada ɗamara ta kwana a ɗakin batir, kada ta taɓa shimfiɗar but ɗin da aka taɓa ɗaukar batir a ciki, kada a ajiye ta a ƙasan garejin makanikai, kuma a wanke hannu kafin a taɓa ta. Zaren poliyesta ya fi nailan jure asid, amma shi kuma soda mai ƙarfi ce ke cin sa, kuma ɗamara ɗaya takan haɗa zare fiye da iri ɗaya, saboda haka wannan ba hujjar sakaci ba ce.

Sauran abubuwan da za a raba ta da su sun haɗa da jarkar fetur da baƙin mai, da takin zamani, da maganin feshi na gona, da fiya-fiya. Ɓera yana son abin da gumi ya jiƙa, yana gwaguyar madauri, fitsarinsa kuma ba alheri ba ne ga zaren, shi ya sa ƙasan sito bai dace ba. Motar da aka kulle a rana a Sakkwato ko Maiduguri da bazara, lokacin da zafin waje kansa ya haura digiri 40, ba ma'ajiya ba ce ko ta yini ɗaya, balle ta zama ɗakin ɗamara na dindindin. A wajen tafiya, a ba ta jakarta ita kaɗai, dabam da filaya da wuƙa da zarto, kuma idan a babur ne kada a ɗaure ta tsirara a kariya inda za ta riƙa gogar ƙarfe ko ta leƙa kusa da salansa.

Mataki na shida: yanke hukunci

Akwai dalilan da ke sa a ajiye ɗamara nan take, ko jiya aka saye ta. Duk wani lahani daga cikin waɗanda aka ambata a wajen dubawa, a madauri ko ɗinki ko ƙarfe, yana cikinsu. Haka taɓa asid ko wani sinadari mai ci, kuma a nan zato ma ya isa, ba sai an tabbatar ba, tunda babu wanki ko duba da zai wanke ta daga zargi. Haka goguwar ƙyallen bayani idan ba a rubuta kwanan watan a wani wuri ba, da rashin sanin inda ta shiga, misali an ba da aronta ta yi wata biyu a hannun da ba a san yadda ya riƙe ta ba.

Batun faɗuwa yana buƙatar rarrabewa. A wasan hawan dutse, ƙananan faɗuwa a kan igiya mai talewa abu ne na yau da kullum, an kuma ƙera ɗamarar don ta jure su, duba kawai ake yi bayan kowace mai ƙarfi. Amma faɗuwa mai tsanani, irin wadda mutum ya faɗo daga saman wurin da ya maƙale a kan madauri mara talewa har jikinsa ya ji bugun, tana iya gama da ɗamara a karo ɗaya. A wurin aiki kuwa hukuncin ya fi tsauri: ɗamarar da ta tare faɗuwa ana janye ta daga aiki nan take, ba ta komawa sai wanda ya cancanta ya tabbatar a rubuce, kuma a aikace yawanci ba ta komawa. Da yawa daga cikinsu suna da wani naɗin madauri a baya da aka ɗinke shi don ya ɓalle idan an faɗi. Idan an ga ya buɗe, magana ta ƙare.

Sai shekaru. Kamfanin Petzl ya sa wa kayansa na zare da roba iyakar shekara 10 daga ranar ƙira, kuma kamfanoni da dama suna kusa da wannan adadi, ko da yake kowanne da yadda yake lissafinsa. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne ɗaukar shekara 10 a matsayin alkawari, alhali iyaka ce ta ƙarshe ga ɗamarar da ba ta sha aiki ba kuma aka adana ta yadda ya kamata. Direbobi sun san haka game da taya, wadda ke tsufa ko tana jingine a shago, ta kuma mutu tun kafin wa'adinta idan hanya ba ta da kyau. Wanda ke hawa kusan kullum yana iya cinye ɗamara cikin shekara ɗaya ko ƙasa da haka, mai hawa a ƙarshen mako yakan samu 'yan shekaru, mai fita sau biyu ko uku a shekara kuma yana iya kusantar iyakar. Ko wanne ne ya riga zuwa, lahani ko wa'adi, shi ake bi. Idan kuma mutum ya tsinci kansa yana juya madauki yana neman hujjar da zai ƙara wata guda da ita, wannan kokwanton kansa amsa ne, kuma hawa ya tsaya har sabuwa ta iso hannu.

Gyara ba ya cikin zaɓi. Tela da mai gyaran takalma suna iya yin ɗinki mai kyau a ido, amma ɗinkin masana'anta yana da irin zarensa, da yawan sukan allura, da tsarin da aka gwada a kan na'ura, kuma allurar da ta ratsa tsohon madauri tana ƙara yanka zarensa. Abin da ake iya sauyawa shi ne 'yan robobin baya da ke ɗage madaukan cinya, tunda ba sa ɗaukar nauyi, shi ma da irin wanda kamfanin ya tanada.

Mataki na bakwai: raba ta da aiki

Ɗamarar da aka yanke wa hukunci kada a mayar da ita kabad da niyyar ko za ta yi amfani wata rana, kada kuma a ba yaron aiki ko ƙane, wanda shi ne abin da aka fi yi. A rubuta lambarta da ranar da dalilin a littafin nan na farko, sannan a sa almakashi mai ƙarfi a yanke madaukin tsakiya, da kafofin igiya biyu, da ɗamarar ƙugu, da kowane madaukin cinya, a kuma cire ƙyallen bayanin. Dalilin wannan tsanani shi ne abin da aka zubar da shi cikakke ba ya zama a bola: 'yan jari-bola za su tsince shi, kuma bayan mako biyu yana rataye a kasuwa ana cinikinsa. A kamfani ko makarantar horo da ke da ɗamaru da yawa, wanda ke riƙe da sito ya yi yankan a gaban ma'aikata, kuma kada a tuhumi wanda ya kawo rahoton cewa bel ɗinsa ya taɓa batir ko ya tare faɗuwa, domin idan ana cire kuɗin daga albashinsa, na gaba zai yi shiru ya mayar da ita cikin sauran. Ƙarafan a ware su a kai wa masu sayen ƙarfe bayan an zare su daga madaurin, guntayen kuma a zubar da su a rarrabe.